Kafin Ka Sauya Jakin Jitarka

Saƙonka ya iso gare ni, na kuma ji shawarar da kake nema. Ka tara 'yan kuɗi daga wasannin biki, kana so ka cire jakin jitarka ka ɗora wani mai tsada da ka gani a waya, domin an ce maka sauti zai ƙara daɗi kuma tsirkiya za ta daina sauka. Ban ga laifinka ba, duk mai son sana'arsa yana son kayan aikinsa su kai. Amma tun da ka nemi jin ta bakina, ga amsata tun daga farko. In jakin da ke kai yana da ciwon da za ka iya nuna shi da yatsa, ka sauya, kuɗinka bai tafi a banza ba. In kuwa ba ka iya nuna ciwon, sai dai kawai zuciyarka ta raya maka cewa na wancan ya fi naka, to ka riƙe kuɗinka tukuna ka saurare ni.

Ka taɓa lura da jakin gurmi ko na goge? Ɗan guntun abu ne da tsirkiya ke hawa kansa, shi kuma yana zaune a kan fata, duk motsin tsirkiya ta cikinsa yake bi ya shiga ƙwarya. A can, jaki shi ne ƙofar sauti. A jitar lantarki kuwa lamarin ya bambanta, domin maganaɗisun da ke ƙarƙashin tsirkiyoyi su ne ke jin motsin ƙarfe kai tsaye su aika wa amfilifaya. Aikin jaki a nan shi ne ya riƙe ƙarshen tsirkiya daram, ya tsayar da tsawonta daidai, ya kuma ɗaga ta zuwa inda yatsa zai danna ba wahala. Aiki ne na ɗaukar kaya. Tsirkiyoyi 6 na matsakaicin kauri, in an ɗaure su, jan da suke yi ya haura kilo 40, dare da rana, ko ana kiɗa ko jitar tana jingine a bango. Ƙarfen da zai jure wannan shekara da shekaru ba tare da ya lotsa ko ya goce ba, shi ne jaki na ƙwarai, ko da kuwa ba shi da suna.

Akwai dalilin da ya sa wannan magana ta fi nauyi a gare mu nan N'Djamena. Kiɗan jitar garin nan, tun daga zamanin ƙungiyar Chari Jazz da aka kafa a 1964, ya sha nono ne daga Kwango. Ka saurari Maître Gazonga da ƙungiyarsa International Challal, musamman waƙar Les jaloux saboteurs da ya ɗauka a Abijan a 1984, za ka ji inda jita take zama: can sama kusa da gangar jiki, bayan gaɓa ta 12, da sauti tsarkakke wanda ba a lulluɓe shi da ƙara ba, jita biyu ko uku suna saƙa da juna. A irin wannan wuri kuskure ba ya ɓuya. Wanda ke kaɗa manyan sautuka a gindin wuya zai iya shekara da jakin da bai daidaita ba, bai sani ba. Kai da kake hawa sama a kowane biki a unguwar Moursal ko Chagoua, kuskuren milimita 1 a mazaunin tsirkiya ya isa ya sa sautinka ya yi tsami a kan na abokin kiɗanka. Saboda haka damuwarka tana da tushe. Abin da nake so ka tabbatar shi ne ko jakin ne mai laifin.

Ga yadda za ka gane. Ka sa sababbin tsirkiyoyi tukuna, domin tsohuwar tsirkiya mai tsatsa ba ta faɗin gaskiya. Ka saita kowace da na'urar saiti, ko ta wayarka ma ta isa. Sai ka danna a gaɓa ta 12, wadda ita ce tsakiyar tsirkiya, ka duba. Ya kamata sautin ya zama shi ne dai na tsirkiyar a sake, sai dai a sama. In ya haura, tsirkiyar ta yi gajarta, sai ka juya sukurun baya ka ja mazauninta nesa da wuya. In ya gaza, ka tura shi gaba. Tsawon tsirkiya a jitocin Fender milimita 648 ne, a na Gibson kuma wajen 628, kuma kowane mazauni yana da 'yar tazarar da zai yi gaba ko baya a kusa da wannan awo. Matuƙar sukurori suna juyawa, mazaunai suna motsi, kuma ka samu kowace tsirkiya ta zauna daidai kafin sukuru ya ƙure, jakinka yana aikinsa. Yawancin samarin da ke kawo mini jita da kukan jaki, wannan aikin na rabin sa'a ne ba a taɓa yi mata ba tun da ta fito daga kwali.

Maganar saukar saiti kuwa, ka fara dubawa daga ɗaya ƙarshen. Ɗan ƙashin nan mai tsaga 6 da ke bakin wuya, kusa da kunnuwan ɗauri, shi ne ya fi kowa laifi. A jitoci masu araha roba ce, tsagunta kuma sukan matse tsirkiya. Alamarsa ita ce kana juya kunne sauti bai motsa ba, can sai ka ji wani ɗan ƙas, ya yi tsalle ya wuce inda kake so. Ka goga bakin fensir a cikin kowace tsaga, in bai isa ba a buɗa ta kaɗan da siririn magagari. Ka duba kuma yadda kake naɗa tsirkiya a kunne: zagaye biyu ko uku a jere, suna gangarowa ƙasa, ba tulin da ya hau kan juna ba. Sannan ka ja sabuwar tsirkiya da hannu a hankali har ta gama miƙewa kafin ka hau dandali. Wanda ya sayi jakin da ya fi jitarsa tsada alhali ciwon yana wannan ƙashi, kamar mai ciwon haƙori ne da ya shafa magani a gwiwa.

Kada ka manta kuma da garin da kake zaune. Daga Disamba zuwa Fabrairu iskar hunturu tana kwaso ƙura daga arewa, daga kwarin Bodélé wanda ake lissafa shi cikin manyan maɓuɓɓugan ƙura na duniya, iska ta bushe ƙayau, katako ya tsuke. A Afrilu zafi ya haura digiri 40, gumin hannunka mai gishiri yana zuba daidai kan jaki, domin nan gefen tafinka yake kwanciya. Damina ta shigo, kogunan Shari da Logone su cika, katakon ya sha raɓa ya kumbura. Wuyan jita yana bin waɗannan sauye-sauye, yau ya lanƙwashe gaba tsirkiya ta yi nisa da yatsa, gobe ya miƙe ta riƙa gogar ƙarafa tana zuza. Mai jita sai ya ɗora wa jaki laifi, alhali sandar ƙarfen da ke cikin wuya ce take neman a juya ta kwata ɗin zagaye. Sau biyu a shekara, farkon hunturu da tsakiyar damina, a duba wuya a gyara. Tazarar tsirkiya da ƙarfen gaɓa ta 12 in ta tsaya tsakanin milimita 1.5 da 2, yawancin hannuwa suna jin daɗinta.

To, yaushe ne jakin da kansa yake cancantar a sauya shi? Na farko da na fi gani a garin nan shi ne tsatsa. Gumi da ƙura suna haɗuwa su zama laka a cikin ƙananan sukurorin da ke ɗaga mazauni, su ci su har alanki ya kasa kama su. In abin bai yi nisa ba, ka kwance jakin gaba ɗaya, ka jera kowane mazauni da sukurunsa yadda ka ciro su, ka wanke da kananzir da tsohon buroshin haƙori, ka ɗiga man keken ɗinki. Da yawa suna farfaɗowa. Wanda ya riga ya mutu, sukuru ya haɗe da mazauni ya zama abu guda, shi kam sai sabo. Ko a nan ma, sau da yawa mazaunai 6 da sukurorinsu kawai kake bukata, ba jakin duka ba, kuma kuɗinsu bai kai rabi ba. Ka nemi na ƙarfen da ba ya tsatsa, wannan ita ce ƙarin daraja guda da nake ganin ta dace da ƙasarmu fiye da kowace.

Sai tsinkewar tsirkiya. Ka riƙa duba inda take tsinkewa. In kullum a kan mazauni ɗaya ne, tsirkiya ta sassaƙa masa kaifi, domin ƙarfensa ya fi ta laushi. Samfefa mai laushi takan share kaifin, amma in ya dawo bayan wata biyu, ƙarfen ne ba shi da kirki, a sauya. Ka yi lissafin kuɗin tsirkiyoyin da kake asara da kunyar tsayawa tsakiyar waƙa a gaban amarya da danginta, za ka ga sauyin ya biya kansa. Akwai kuma irin jakin Gibson da ake kira Tune-o-matic, wanda Ted McCarty ya ƙera, ya kuma fito a kan Les Paul Custom a 1954. Yana tsaye ne a kan ginshiƙai biyu, tsakiyarsa ba abin da ya tokare ta. In an yi shi da tutiya mai laushi, shekaru suna tafiya yana lotsawa a tsakiya, har tsirkiyoyin tsakiya su kwanta suna zuza alhali na gefe suna sama. Ka cire shi ka ɗora ƙasansa a kan rular ƙarfe ko gilashi, in ka ga ya yi baka, ba shi da gyara.

Yanzu ga abin da ya ja hankalinka tun farko, wato daɗin sauti. Ba zan ce maka ƙarya ne ba. A Stratocaster, wadda Leo Fender ya fitar a 1954, akwai dunƙulen ƙarfe a ƙarƙashin jaki wanda tsirkiyoyi ke ratsawa, sifirin kuma suna riƙe da shi ta baya. Na asali ƙarfe ne mai nauyi, na jitoci masu araha kuwa siririyar tutiya ce. Haka Telecaster ta farkon shekarun 1950 ta zo da mazaunai 3 na tagulla, kuma har yau akwai masu rantsuwa da su. Nauyin ƙarfe da taurinsa da yadda ya zauna a jikin katako suna shafar yadda ƙarfin tsirkiya ke tsiyayewa, saboda haka sauti yakan ɗan ƙara jimawa, kaifinsa ya ɗan sauya. A ɗaki shiru, da kunne mai horo, za ka iya ji. Amma ka tambayi kanka inda kake kiɗa. A fili ne, janareta yana ruri a bayan rumfa, lasifikan haya sun sha wuya, ganga da guɗa sun cika wuri. Wannan ɗan bambanci ba ya tsallake layin kujeru na farko. Sabuwar tsirkiya, wayar jita mai kyau, da ɗaga maganaɗisu ko sauke shi da milimita 1, kowannensu ya fi sabon dunƙule tasiri a kunnen mai rawa. In wata rana ka shiga ɗakin ɗaukar sauti kana son ka kai ƙarshen abin da jitarka za ta iya, a lokacin mu sake zama.

Ina so kuma ka tuna da waɗanda suka kai inda kake fata. Mdou Moctar na Nijar, wanda yau ake cika dandali a Amurka da Turai don a ji shi, jitarsa ta farko da hannunsa ya haɗa ta, da wayar birkin keke a matsayin tsirkiya. Ibrahim Ag Alhabib na Tinariwen ma da gwangwani da sanda da wayar keke ya fara. Caleb Rimtobaye da 'yan uwansa na H'Sao a nan garin suka taso, da kayan da hannu ya kai gare su, kafin su samu lambar tagulla a wasannin ƙasashe masu amfani da Faransanci a Kanada a 2001 su zauna a Montreal. Ban kawo su don in ce kayan kirki ba su da amfani ba, ai duk sun riƙe jitoci masu kyau da dama ta samu. Na kawo su ne don ka ga abin da ya riga wani zuwa. Hannu ne ya fara ƙwarewa, kaya suka biyo baya.

In ka auna duk wannan ka ga lallai sauyi ya kama, to a nan ne nake so ka fi nutsuwa, domin a nan ake asarar kuɗi. Jakunan jita ba awo ɗaya gare su ba, ko da a ido kamar tagwaye suke. A irin na Stratocaster mai sukuru 6, tazarar da ke tsakanin ramin farko da na ƙarshe a tsohon awon Amurka milimita 56 ce, a da yawa daga cikin na Meziko da na Asiya kuwa wajen 52.5. Bambancin bai kai faɗin ƙwayar masara biyu ba, amma ya isa ya hana sukurori shiga ramukansu. In ka tilasta mai faɗi a kan siririn wuya, tsirkiyoyin gefe za su riƙa zamewa daga bakin wuya kana tsakiyar kiɗa. Akwai masu ginshiƙai biyu maimakon sukuru 6, su ma tazararsu ta bambanta daga kamfani zuwa kamfani. Gangar jikin Fender kaurinta wajen milimita 45 ne, jitoci masu araha da yawa ba su kai haka ba, sai ka sayo dunƙule mai nauyi ka tarar ya leƙo ta baya, murfi ya ƙi rufuwa. A ɓangaren Gibson kuma, zaren ginshiƙan na Amurka da inci aka yanka shi, na Epiphone da sauran na Asiya da milimita, ɗaya ba ya shiga ramin ɗaya.

Wanda ke Faris in ya yi kuskure, gobe ya mayar a ba shi wani. Kai kayanka ko dai su biyo jirgi a jakar wani ɗan uwa, ko su sauka a Duwala su yi tafiyar kusan kilomita 1,800 ta Garwa da Marwa kafin su tsallako gadar N'Gueli daga Kusseri, ko kuma ka aika a nemo maka a Kano. Abin da aka rubuta masa Yuro 100, sefa 65,600 ne kafin kuɗin aike da na kwastan. Ba mayarwa. Saboda haka ka je wurin makaniki ko mai walda ka ari ma'aunin nan mai baki biyu da suke auna kaurin ƙarfe, ka auna tazarar ramuka daga tsakiya zuwa tsakiya, tazarar tsirkiya ta farko da ta shida, da kaurin gangar jiki, ka rubuta a takarda. Kamfanonin kirki irin su Gotoh na Japan da Schaller na Jamus da Wilkinson suna wallafa zanen kowane jaki da awonsa. Ka gwada lamba da lamba. In mai sayarwa bai nuna awo ba, ka bar masa kayansa. In kuma a shagunan garin nan za ka tambaya, chevalet za ka ce su gane, kuma ka tafi da jitar a hannu a gwada a gabanka. Ka yi hattara da jabu, domin sunan da aka buga a jikin ƙarfe ba shi ne ƙarfen ba, nauyinsa a tafin hannu da tsaftar zaren sukurorinsa sun fi gaya maka gaskiya.

Abu ɗaya nake roƙonka kada ka yi, shi ne ka sa a fafe jitarka don a dasa mata jakin Floyd Rose. Na san yana da kwarjini. Mai shi ya samu rajistar ƙirarsa a 1979, Eddie Van Halen ya sa duniya ta san shi, kuma ga mai irin wancan kiɗan na nutsar da sauti ƙasa a dawo da shi, babu kamarsa. Amma yana shawagi ne tsakanin jan tsirkiya da jan sifirin, in tsirkiya ɗaya ta tsinke sauran biyar duk sun tashi daga saiti nan take. Sauya tsirkiya sai da alanki da yanke kan tsirkiya da haƙuri, abin da ba ka da shi a tsakiyar biki. Na kwaikwayo masu araha kuma bakin da suke juyawa a kai yana dakushewa, daga nan ba sa komawa inda suka taso. Katakon da aka fafe kuwa ba ya dawowa.

Hasali ma, ka tambayi kanka sau nawa kake taɓa sandar girgiza sautin da ke jitarka. In amsar ita ce ba kasafai ba, kamar yawancin masu kiɗan garin nan, ga gyaran da ba zai ci maka ko sefa 500 ba. Ka buɗe murfin baya, ka ƙara sifirin su zama 5 ko ka ɗaure sukurori biyun da ke riƙe da su har jaki ya kwanta lif a kan katako. Ko kafinta ya yanka maka ɗan guntun katako mai tauri a cusa tsakanin dunƙulen da bangon ramin. Eric Clapton haka yake yi wa tasa, har Fender take fitar da jitar da ke ɗauke da sunansa a toshe. Daga ranar saiti zai zauna, kuma in tsirkiya ta tsinke za ka iya ƙarasa waƙar da sauran.

Saura magana guda, wadda ta fi duk na baya muhimmanci, domin ta shafi rai. A kowace jitar lantarki irin taka akwai wata siririyar waya da ta taso daga cikin kayan wuta ta manne da jaki. A Stratocaster an like ta da dalma a jikin ƙarfen da ke riƙe sifirin, a Telecaster tana kwance ƙarƙashin farantin jaki, a Les Paul tana cikin ramin ginshiƙi. In ka sauya jaki ka manta da ita, jitar za ta riƙa gurnani ba tsayawa, sai ka zaci sabon jakin ne ba shi da kyau. Amma ka fahimci ma'anarta: ta wannan waya tsirkiyoyin da ke hannunka suna haɗe da jikin amfilifaya. In amfilifaya ta lalace, ko an yi haɗin wuta barkatai daga janareta ba tare da wayar ƙasa ba, wutar 220 tana iya biyowa ta hannunka ta fita ta leɓenka lokacin da ka kusanci makirfo. Leslie Harvey na ƙungiyar Stone the Crows haka ya rasu a kan dandali a Swansea ta Birtaniya a 1972, Keith Relf na Yardbirds kuma wuta ta kashe shi a gidansa a 1976 yana riƙe da jita. Mu da muke kiɗa a kan jiƙaƙƙiyar ƙasa da damina, wayoyi a warwatse ana taka su, mun fi su kusa da wannan haɗari. In ka taɓa jin ɗan cizo a leɓe ko a yatsa, ka ajiye jitar nan take, kada ka ce bari a gama waƙar. Kada ka hau dandali ba takalmi, kada ka yarda a karya ƙafar filogi ta uku don ya shiga soket, kuma ka sa jita da makirfo su sha wuta daga layi ɗaya. Daga cikin kuɗin da ka tara, ka fara biyan mai gyaran lantarki ya duba amfilifayarka da wayoyinka, ka sayi tsirkiyoyi kwali biyu ko uku ka ajiye. Abin da ya rage, ka kawo mini jitar ranar Asabar da hantsi tare da takardar awonka, mu kwance jakin tare mu ga ko mazaunai kawai yake bukata. Ka gaishe mini da mahaifiyarka.